Zauren Masu Karatu: Burtali, Lambatu da Kwamitin Asibiti

Assalamu alaikum. Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowar, daga Kusuri, Marwa da Garwa a arewacin Kamaru. Masu su ba su san juna ba, amma ciwonsu ɗaya ne: matsala ta taso wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ta fi ƙarfin ofishi ɗaya, an rasa wanda zai ce tasa ce. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: "Malam, ni dillalin shanu ne a Kusuri. Tun bayan abin da ya same mu a 2021 ake ta kiran mu taron sulhu. Suprefe, wato shugaban gunduma, ya zo, sarakuna su zo, limamai da fastoci da ƙungiyoyin agaji duk su hallara. A yi addu'a, a yi musabaha, a ɗauki hoto, a watse. Amma da zarar rani ya yi, shanu sun gangara fadama, sai ka ji an soma 'yar tsama. Wannan zaman yana da amfani kuwa, ko mu bar wa jandarma da soja kawai?"

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya mayar muku da abin da kuka rasa. Kada ku daina zuwa, kuma kada ku yarda taron ya ci gaba a yadda yake. Jandarma yana da aikinsa, ban raina shi ba, amma sai an fasa kai ake kiransa. Ba shi zai san inda ruwa zai rage a watan Fabrairu ba, ba shi zai ce wa mai gona ya ja da baya daga burtali ba.

Bari in tuna wa masu karatu na nesa abin da kake nufi. A watan Agustan 2021 faɗa ya ɓarke a gundumar Logon-Birni tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da Musgum masunta da manoma. Ya lafa, sai ya sake tashi ranar 5 ga Disamba daga ƙauyen Ulumsa, cikin 'yan kwanaki ya iso Kusuri, aka ƙone kasuwar shanu. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a lokacin mutum 44 sun rasu, ƙauyuka 112 sun ƙone, kimanin mutum 100,000 sun bar gidajensu, akasarinsu sun haye kogi zuwa Chadi. Tushen abin kuwa ruwa ne. Masunta suna haƙa manyan ramuka domin su tare ragowar ambaliya da kifin da ke ciki. Shanu su zo sha, su zurma cikin laka, wasu su karye, wasu su mutu a nan. Mai rami abincin 'ya'yansa yake nema, mai saniya ma haka.

Ita fadamar kogin Logon tun kaka da kakanni mutum uku ke cin ta bi da bi. Ruwa ya malala, masunci ya shiga. Ruwa ya janye, manomi ya dasa masakwa, wato dawar rani, a gefe. Ciyawa ta fito, makiyayi ya gangaro da garkensa, wani ma daga ƙetaren iyaka. Da aka gina madatsar Maga a 1979 domin shinkafar SEMRY, kamfanin gwamnati na noman shinkafa, ruwan da ke malala wa fadamar ya ragu ƙwarai, ga farin shekarun 1980 ya zo ya ƙara. Wuri ya ƙuntata, jama'a da dabbobi suna ta ƙaruwa. A 1994 shirin Waza-Logon ya buɗe wata mashiga aka mayar wa wani yanki ruwansa, ciyawa da kifi suka farfaɗo a wurin. Ka ga ashe mai buɗe ƙofar ruwa a Maga yana da hannu a zaman lafiyar kasuwarku, ko da bai taɓa taka ta ba. Ka taɓa ganin an gayyace shi taron sulhu?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, doka ta daɗe da tanadar zaman da kake nema. Tun 1978 akwai dokar shugaban ƙasa da ta kafa kwamiti a matakin gunduma kan rikicin manoma da makiyaya. Suprefe ne shugaba, akwai wakilin ofishin filaye, da malamin gona, da malamin dabbobi, da mai garin da abin ya shafa da dattawansa, da manomi da makiyayi. Sasanta rikici yana cikin aikinsa, amma kafin nan an ɗora masa raba ƙasa: nan noma, nan kiwo, nan kuma wurin tarayya da sharaɗin yadda za a yi amfani da shi. A aikace sai aka kifar da abin. Kwamitin ba ya motsi sai shanu sun ci gona, kuma da yake ba kasafai ake samun kuɗin tafiya ba, masu ƙara ne ke zuba man mota.

Na yi shekaru ina malamin gona, na sha shiga irin wannan tawaga. Akwai wata fita da ba na mantawa. Gonar masakwa ce an kusa girbi. Ƙasa ta daddare, rabin karan ya kwanta, wanda ke tsaye an cinye kawunansa, sawun kofato ya bushe a laka. Muka ja igiya muka auna, muka ƙirga gindi, muka lissafa buhu nawa da gonar za ta bayar. Mai gonar sai da ya sayar da akuya kafin ya iya kawo mu. Makiyayin da aka tsare kuwa yaro ne da sandarsa da gorar ruwa. Shanun na wani attajiri ne a birni, bai zo ba, bai aiko ba. Aka yanke diyya, da ƙyar ta kai abin da manomin ya kashe wajen neman ta. Muna shirin shiga mota wani tsoho ya riƙo hannun rigata, ya nuna mini wata tsamiya da wata aduwa can nesa, ya ce tsakaninsu burtali yake a da, aka yi ta cin sa da garma kowace damina har ya rufe. Shanun ba su da wata hanya zuwa ruwa sai ta cikin gonar nan. Takardar da ake cikewa kuwa ba ta da gurbin wannan magana, ɓarna kawai take tambaya.

Saboda haka ga abin da nake so ku nema, ku 'yan kasuwar shanu, tunda ana jin maganarku. A yi zaman kafin ruwa ya janye, wajen Satumba zuwa Oktoba, kuma a yi shi a bakin fadamar, ba a zauren otal ba. A zana ƙasar a kan yashi da tsinke, kowa ya nuna raminsa, mashayarsa da gonarsa. Za ka sha mamakin yadda mutanen da ba sa ga maciji da juna ke gyara wa juna zane, domin duk sun san wurin kamar yunwar cikinsu. Kuma a kula da waɗanda za su zauna. Sarki da bulama da arɗo dole ne, amma a kira wanda ke bin shanu da ƙafarsa, a kira wanda ya haƙa ramin da hannunsa, a kira matan da ke banda kifi suna kai shi kasuwa, su ne suka fi kowa jin jiki idan hanya ta rufe.

Sannan a tashi da ƙananan maganganu, kowace da sunan wanda ya ɗauke ta. Wane rami za a yi wa gangare inda saniya za ta sha ba ta zurma ba. Ina za a cike a bar wa garke mahaya. Wace rana za a saki gonakin masakwa bayan girbi shanu su ci kara su bar taki. Wa zai kafa turakun siminti a gefen burtali, meri, wato ƙaramar hukuma, ko ƙungiyar agaji, kuma a wane wata. Idan ka ji an ce "hukuma za ta duba", ka miƙe cikin ladabi ka ce: ranka ya daɗe, wace hukumar, kuma yaushe za mu dawo mu ji? A rubuta da Faransanci saboda ofis, a karanta wa taro da Larabcin Shuwa, da Musgum, da Kotoko, da Fulatanci, da Hausa. Kowane ɓangare ya tafi da kofensa, a kuma kai gidan rediyo a maimaita.

Ku ma kuna da naku kason, Alhaji, kuma ba ƙarami ba ne. Babu wanda ya kai dillali sanin shanun wa ke cikin wane garke. Idan an yi ɓarna, ku ne za ku iya kai magana kunnen mai dukiya kafin rana ta faɗi, ya biya, a saki yaron da ba shi da ko sisi. Kuna kuma iya ware wani ɗan abu a kan kowace saniyar da aka sayar, masunta da manoma su ma su zuba nasu, ya zama asusun tafiyar kwamiti. Muddin mai ƙara ne ya sayi man mota, wanda aka kai ƙara ba zai taɓa yarda da hukuncin ba, ko da na gaskiya ne. Sai dai asusun ya zama ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu daga ɓangarori daban.

Manyan zauruka irin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964 a birnin da yau ake kira Njamena, da taron gwamnonin yankin tafkin da aka fara a Maiduguri a 2018, suna da amfaninsu a kan tsaro da garken da ke tsallaka iyaka, amma ba su za su san ramin bayan ƙauyenku ba. Addu'a da musabaha ma ina girmama su. Bayan jinin da aka zubar, ganin liman da fasto da sarki a kan tabarma ɗaya babban abu ne. Ku dai roƙa, idan an shafa fatiha, kada a naɗe tabarmar sai an yi maganar ramuka.

Tambaya: "Malam, ni uwa ce a wata unguwa a Marwa. Lambatun ƙofar gidajenmu ya cika da leda da yashi, ruwan sama kaɗan sai ya shigo mana zaure. Wannan ya ce aikin meri ne, wancan ya ce na ofishin birni ne, wani ya ce laifinmu ne da muke zuba shara. Mu mata muna da adashi, muna so mu yi wani abu. Ta ina za mu fara?"

Amsa: Hajiya, sannunku da ƙoƙari, Allah ya raya zuri'a. Duk ukun da suka ba ki amsa kowa ya kama wani gefe na gaskiya, shi ya sa abin ke rikita mutane. Marwa, kamar Garwa da Ngaundare, tana da ƙananan meri uku, ta ɗaya, ta biyu da ta uku, ga kuma ofishin birni a samansu, wanda tun 2020 zaɓaɓɓen magajin gari ke riƙe da shi maimakon wakilin da gwamnati ke naɗawa a da. Dokar 24 ga Disamba 2019 ta raba musu aiki. Manyan tituna, manyan magudanai da kwashe shara zuwa juji suna hannun ofishin birni, kuma galibi kamfanin Hysacam ake ba kwangilar kwashewar. Tsaftar lunguna da tattaro sharar gidaje zuwa inda mota za ta ɗauka na ƙaramar meri ne. Lambatunku ya taso daga lungu, ya bi gefen titi, ya faɗa Mayo Kaliyawo ko wani kwazazzabo, wato ya ratsa hannun kowa. Na ukun da ya ce kuna zuba shara, shi ma kada ki yi fushi da shi.

Dokar nan ta ba ku abu biyu da ya kamata ki riƙe. Ta ba majalisar meri damar kafa kwamitin unguwa, domin jama'a su sa baki a tsara aiki, su bi sawunsa, su kula da shi bayan an gama. Ta kuma ba kowane mazaunin gari damar neman ganin kasafin kuɗi da bayanan zaman majalisa, in ya so ya biya kuɗin kofe. Mutanenmu ba su cika amfani da wannan ba, har wasu suna ganin rashin kunya ne. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne, kuma ma'aikacin kirki yana jin daɗin wanda ya zo da takarda a hannu.

Kafin ku je ko'ina, ku bi lambatun da ƙafa, daga ƙofar gida har inda ya ƙare. Ku ga inda ya toshe, inda ya rufta, inda wani ya gina shago ko baranda a kansa. Wata yarinya mai waya ta ɗauki hoto. Sannan ku je wurin mai unguwa ku roƙe shi ya shige gaba, ku nemo kansilan da ke zaune a unguwarku ko kusa da ita, a rubuta wasiƙa kofe biyu, a kai meri a buga wa ɗaya hatimin karɓa ku dawo da ita gida. A cikin wasiƙar kada ku jero koke goma. Abu ɗaya za ku nema: mota, a rana kaza.

Na nanata motar ne saboda abin da na gani a unguwarmu. Samari suka fito da asuba da shebur, suka yi aiki har azahar, suka fito da baƙar laka mai wari suka jibge a bakin lambatu tsibi-tsibi. Babu abin ɗauka. Awaki da kaji suka barbaza, babura suka tattaka, ruwan farko ya mayar da ita inda aka ciro ta. Da aka sake kiran gayya, rabinsu ba su fito ba, kuma ban ga laifinsu ba. Don haka kada a sa shebur a ƙasa sai an tsayar da ranar mota, ko da keke mai ƙafa uku ne. A fara daga wutsiyar lambatun a yo sama, in ba haka ba ruwan da kuka buɗe wa hanya zai je ya kwanta a gidan maƙwabta. Lokacinsa kuwa Afrilu zuwa Mayu, kafin damina ta kankama.

Ku raba sauran nauyin. Masu shaguna da masu sayar da ruwan leda da masu wankin babur, waɗanda sana'arsu ke zuba a lambatun, su kawo shebur da baro. Liman ya yi sanarwa ranar Juma'a, coci ma a aika musu. Shugaban asibitin unguwa ya zo ya yi wa mata magana a kan kwalara. Waɗanda suka ga ta 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a jihar Arewa Mai Nisa, ba sa buƙatar dogon bayani. Leda kuwa, tun 2014 aka haramta mara kauri a Kamaru, Njamena ma ta taɓa hana ta a 2010, amma ga ta nan a kowane lungu. Ku fara da kanku: a tafi kasuwa da kwando ko jaka, a ajiye buhu a ƙofar kowane gida.

Kuɗin adashi ku sayi safar hannu da takalmin roba, ku dafa wa masu aiki abinci. Kada ku zuba shi a gina kwalbati ko lambatun siminti. Wannan aikin kasafin meri ne, haraji kuke biya dominsa. Ku kai buƙatarsa a rubuce kafin ƙarshen shekara, lokacin da majalisa ke zaman kasafi, kuma ku tura mata biyu ko uku su zauna su saurara, domin zaman a buɗe yake ga jama'a.

Tambaya: "Baba, ni matashi ne a Garwa, na gama makaranta ban sami aiki ba tukuna. An zaɓe ni cikin kwamitin lafiya na asibitin unguwarmu, ba albashi. Abokaina sun ce ɓata lokaci ne, wai sa hannu kawai ake so. In karɓa?"

Amsa: Ɗana, ka karɓa. Waɗannan kwamitocin, na lafiya da ake kira COSA da na gudanarwa da ake kira COGE, sun samo asali ne daga shirin Bamako na 1987, inda ministocin lafiya na Afirka suka amince jama'a su shiga tafiyar da ƙananan asibitoci da kuɗin magungunansu. Abokanka suna da gaskiya a inda 'yan kwamiti suka yarda su zama 'yan sa hannu. Kai kada ka yarda.

Ka je da girmamawa, domin ma'aikacin jinyar da ke kwana a asibitin nan ya fi ka sanin wahalarsa, sau da yawa ma shi kaɗai ne ke duba marasa lafiya ya karɓi haihuwa ya rubuta rahoto. Amma ka nemi ganin littafin shiga da fitar magani, ka kwatanta da abin da ke kan kanta. Ka duba ko an liƙa farashi a bango inda mai jinya zai gani. Ka tambaya mata nawa a unguwa suka san da cakin lafiya na masu juna biyu, wanda aka ɓullo da shi a jihohin arewa uku a kan sefa 6,000 domin awon ciki da haihuwa. Za ka tarar da gidajen da labarin bai taɓa shiga ba, kuma a nan ƙafarka ta fi ta likita amfani: ka bi ta wurin ungozomomi, malaman Islamiyya da masu kitso. Idan babu mace a kwamitin, ka nemi a sa.

Abin da zan so ka fara da shi kuwa sufurin dare ne. Ka zauna da shugaban 'yan babur na unguwa da shugaban asibiti da mai unguwa, ku tsayar da mutum biyu ko uku da za su amsa waya ƙarfe biyun dare idan naƙuda ta yi tsanani, ku yanke kuɗin tafiya zuwa babban asibiti da wanda zai biya idan maigida ba shi da shi a lokacin. Ku rubuta lambobin a ƙofar asibiti da bangon masallaci. Bayan wata uku ka rubuto mana yadda ta kasance.